Zailani Mai Gyaran Gwarzo

Ranar da Zailani ya sauka daga jirgin ƙasa a Dangora, cikin kakar alif ɗari tara da hamsin da huɗu, abu uku ne a adakarsa: gajeren wando na kaki, usur mai igiya, da 'yar ƙararrawa irin wadda Turawa ke kiran kuku da ita. Kafin ya tako ya iso Kiru, ya riga ya shaida wa mutum goma sha ɗaya da wani mai jaki cewa duk faɗin Zariya babu malamin damben Turawa sai shi.

Gaskiyar magana, wata takwas ya yi yana jan fanka a gidan wani Bature. Irin fankar nan ta da mai lilo a rufin ɗaki, wadda mutum zai zauna a baranda ya yi ta jan igiyarta, in hannu ya gaji ya koma ja da babban yatsan ƙafa. Sau ɗaya tak ya taɓa ganin damben Turawa, shi ma ta taga, ranar da maigidan da baƙinsa suka ture kujeru suka yi ta dungurin juna. Amma Zailani mutum ne da in ya leƙa abu sau ɗaya, to a wurinsa ya yi sauka.

Ya tarar da mahautan Kiru cikin jimami. Taubashinsa Balarabe, ɗan gwaggonsa Turai, wanda garin ke tinƙaho da shi a fagen dambe, ya zama abin tausayi. Bara a Tudun Wada wani ƙato daga Doguwa, Uba Bahago, ya shimfiɗe shi a turmin farko da bugu ɗaya na hagu. Ba abin da ya karye. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya dawo gida yana ci yana sha yana fawarsa. Tsumar ce ta tafi. A da, in Ɗanasabe makaɗi ya matse kalangu ya saki takensa, sai jikin Balarabe ya ɗauki ɓari, idonsa ya kaɗa, ƙarti huɗu ba sa riƙe shi. Yanzu ko a dokin wuyansa aka kaɗa, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da soke tsire.

Taken kuwa ba a hanya ya tsince shi ba. Na mahaifinsa ne, marigayi Ubale. Shekara talatin kalangu na cewa, "Gatari, sare ka wuce!" ba wanda ke miƙewa sai ɗan gidan.

Ranar kasuwa Ɗanasabe ya zo mahauta, ya durƙusa gaban Sarkin Fawa Jibrin, ya faɗi abin da kowa ke gudun ji.

"Allah ya ja zamanin Sarki, take ba ya kaka biyu a rataye. Nan da Juma'a uku mutanen Doguwa za su zo mana. Zan kaɗa shi sau uku a fage. Wanda ya miƙe ya amsa, ya kai ƙarshen turmi a tsaye, shi ke da shi. In Balarabe ne, madalla. In wani ne, ni dai na sauke nauyi."

Mahauta suka dubi juna. Sai aka ji usur, firrr! Kowa ya zabura, har ungulu biyu suka tashi daga kan rumfa. Zailani ne ya kutso, gwiwoyi a waje kamar na zalɓe.

"Allah ya ja zamanin Sarki, a ba ni shi. Kwana ashirin da ɗaya. In ban dawo muku da shi ya fi da ba, a aske mini rabin kai."

Sarkin Fawa ya dube shi daga hula har gwiwa. "Wannan ba Zailani ba ne, ɗan ƙanen Turai? Kai, wa ya cinye maka sauran wandon?"

"Kayan aiki ne, Sarki. Haka malaman dambe ke sawa a Zariya."

"Ka taɓa yin damben?"

"Ni? A tambayi Turawa. Akwai wanda in na ɗaga masa hannu minti biyu, sai ka ga gumi na tsiyaya har takalminsa."

Nan kam bai yi ƙarya ba, don duk sanda ya yi gyangyaɗi fanka ta tsaya, haka Baturen yake yi.

Balarabe bai ko ɗago ba ya ce, "Sarki, kada ku biye wa wannan. Muna yara ɗan akuya ya kore shi daga ƙofar gida har bakin rijiya."

"Bunsuru ne," in ji Zailani, "kuma dabara na yi masa, na gajiyar da shi."

Sarkin Fawa ya yi ajiyar zuciya. An yi rubutun sha, an yi layu, an yi hayaƙi, har Ɗansoshiya aka je wani Bafillatani ya ba da saiwa mai ɗacin tsiya. Duk Balarabe ya shanye, ya kuma ƙara ƙiba. "To," ya ce, "me ya rage? Ɗauke shi. Kai kuma Balarabe, abin da ya ce ka yi."

Darasi na farko gudu ne. Washegari rana na ɓullowa Zailani ya ari jakin maƙwabci, ya ɗare, ya sa Balarabe a gaba.

"Gudu kuma? Wa ya biyo ni?"

"Ba wanda ya biyo ka. Haka Turawa ke yi, numfashi suke tarawa."

"Su yi ta gudu ba abin da ya koro su?"

"Ƙwarai."

"Allah ya ba su lafiya," in ji Balarabe. Amma tunda Sarki ya yi magana, sai ya tattare riga ya zura.

Abin da Zailani bai tuna ba shi ne, a Kiru ba a taɓa ganin magidanci na gudu haka kawai ba, balle Balarabe. Wata mai koko ce ta fara hango shi. Ta ce, "Abin da ya koro Balarabe ba ni zan tsaya gani ba," ta yar da ludayi ta bi bayansa. Masaƙa biyu suka tsallake zarensu. Masu tafiya yankan dawa suka watsar da lauje. Ga kuma usur na tashi a baya, wanda kowa ya san na 'yan doka ne. Kafin a kai ƙofar gari an haura mutum sittin, wani na cewa kura ce, wani mahaukacin kare, wani kuma ya rantse masu yin lamba ne suka zo da allura.

Jaki da ya ga duniya ta tashi, shi ma ya ce ba da shi ba. Ya keta taron ya wuce kowa, Zailani ya rungume wuyansa, usur a baki, duk numfashin da ya ja sai ya busa. A bakin kududdufi jakin ya ci birki. Zailani bai ci ba.

Balarabe ya tsaya a gindin kuka, jama'a suka kewaye shi suna haki.

"Mene ne? Ina abin yake?"

"Ba komai. Numfashi nake tarawa."

Wani dattijo da ya yar da takalmi ɗaya a hanya ya dafa ƙirji ya ce, "Ɗan nan, ka tara naka, ka zubar mana da namu."

Zailani ya fito daga ruwa da kainuwa a ka. "Kun gani? Kwana ɗaya ke nan, ya riga ya razana gari guda!"

Labarin bai kwana biyu ba ya isa Doguwa: Balarabe ya fara koyon gudu. Bahago ya aiko da gaisuwa ta bakin wani falke, ya ce a gaya masa ya dage, ya ji fagen Kiru na da faɗi.

Darasi na biyu tsallen igiya. Zailani ya je rijiyar unguwa da tsakar rana ba kowa, ya yanke kamu shida daga igiyar guga, ya ƙulle sauran ya mayar. Da la'asar mata suka zura guga, suka ji bai taɓa ruwa ba. Aka sake zurawa. Shiru. Aka yi ta salati, an ce ruwa ya gudu. Har an tura a kira malam ya yi addu'a, sai Safara'u mai kitso ta leƙa bayan gidan Turai, ta iske Balarabe zaune a kan turmi ya naɗe hannu.

"Ni ba zan yi ba," yake cewa. "Ko 'yan mata sai ranar salla suke irin wannan tsalle-tsallen."

"Jahilci ne ke damunka. Duba nan!"

Zailani ya wulwula igiya ya yi tsalle ɗaya mai kyau. A na biyu ta harɗe masa ƙafa, a na uku ta kamo wuyansa, ya zube a naɗe kamar ragon layya. A haka matan unguwa suka same shi, tuluna a hannu.

"Barka da hutawa, malamin Turawa," in ji Safara'u. "Igiyarmu muka biyo."

"Ku kwance ni in ba ku."

"A'a, ka riga ka yi mana rabin aikin." Suka kama bakin igiyar suka ja shi har bakin rijiya, suka sa shi ya ƙulla da kansa, ya kuma cika tulu goma sha tara. Da ya dawo yana rangaji ya ce wa Balarabe, "Wannan shi ake kira ƙarfafa damtse. Gobe kai za ka yi."

Darasi na uku dukan buhu. Yashi ya yi wa Zailani nauyi, don haka ya lallaɓa zauren Gwaggo Turai ya ɗauko wani buhu ɗinkakke mara nauyi, wanda ya yanke wa hukuncin ƙaiƙayi ne. Ya rataye shi a reshen tsamiya a ƙofar gida. Jama'a suka taru, don zuwa yanzu ba mai son darasin Zailani ya wuce shi.

Balarabe ya ɗan dunguri buhun.

"Da ƙarfi mana! Ka ɗauka Bahago ne!"

Jin sunan ke da wuya, hannun Balarabe ya sauka gaba ɗaya.

"Matsa ka ga aiki." Zailani ya ja da baya, ya sheƙo da gudu ya kai wa buhu naushi. Buhun ya yi gaba a natse, ya dawo a natse, ya zaunar da shi a ƙasa. Aka fashe da dariya. Zuciya ta ɗebe shi, ya rarumo taɓarya ya yi ta jibga. A bugu na biyar buhun ya yage a kansa.

Barkono ne. Busasshen barkonon da Gwaggo Turai ta yi damina guda tana tarawa.

Atishawa ta kama unguwa. Kaji na yi, awaki na yi, ladan da ya hau kiran la'asar sai da ya faro sau uku. Gwaggo Turai ta fito da muciya, zane a ɗamare.

"Zailani! Ɗan ƙanena ne kai ko jarrabawa?"

"Gwaggo, atsha! Dubi idonsa! Dubi yadda ya kaɗa ya yi ja! Tsuma ce ke dawowa!"

"Kowa a unguwar nan idonsa ya yi ja, har jaki. Duk dambe za mu shiga?"

Muciya ta sauka a gadon bayansa. Ya zura da gudu, kuma masu kallo suka shaida, tsakanin malami da ɗalibinsa akwai wanda darasin gudu ya shiga jikinsa.

Haka aka yi ta yi har Juma'a ta uku ta zo. Bayan an sauko daga masallaci, Zailani ya ja Balarabe gefe.

"Taubashi, na gano ciwonka. Kalangu ne. Shi kake ji ka tuna Tudun Wada. Turawa ba sa kiɗa, shi ya sa ba sa tsoro. Kawo kunnenka."

Ya cusa masa auduga a kunnuwa biyu, ya danna da ɗan yatsa, ya jawo hula ya rufe. "Ni kawai za ka kalla. In na ɗaga ƙararrawa sama, ka tashi."

Wannan ne kaɗai darasin da Balarabe bai yi gardama a kai ba. A ransa ya fi son abin da zai faru ya faru bai ji ba.

Akwai kuma wasu jakunkunan fata biyu da Zailani ya sa baduku ya ɗinka ya cika da auduga, wai safar dambe. Su kam Balarabe ya ƙi. "Da matashin kai zan buge shi? Barci zan sa shi?" Mahauta suka naɗa masa kara a hannun dama kamar kullum. Zailani, don kada a ce kayansa sun yi kwantai, ya zura ɗaya a nasa hannun, ya sa aka ɗaure masa tamau da ragowar karan don kada ta zame. Hannun ya koma kamar kabewa.

Bayan la'asar fage ya cika a gonar geron da aka girbe bayan kasuwa. Mutanen Bebeji sun zo, na Tudun Wada sun zo, na Doguwa sun kama gefen gabas da makaɗansu. Gwaggo Turai ta kafa ƙwaryar fura a bakin taro. Aka yi damben ƙanana aka gama. Sai Uba Bahago ya shigo, walki a gindi, layu a damtse, hannun hagu a naɗe. Ya zaga fagen a hankali kamar mai duba gonar da zai saya, ya tsaya a tsakiya.

Ɗanasabe ya matse kalangu. "Gatari, sare ka wuce!"

Duk ido ya koma kan Balarabe. Yana zaune a tabarma yana kallon Zailani, fuska a sake, kamar mai jiran a kawo masa tuwo. Mutanen Kiru suka sunkuyar da kai.

Shi kuwa Zailani hankalinsa ba ya wurin. Wani babban kuskure ya hango. "Kai! Wannan fage ba shi da kusurwa! Zagaye ne kamar faifai! Ta ina za a yi dambe ba kusurwa?"

Ɗanasabe ya kaɗa na biyu. Balarabe ya sosa gemu. Zailani ya tsallake masu zaune ya shiga fage yana ja wa ƙasa layi da dunduniya.

"Kai, fito daga nan!" in ji Sarkin Fawa.

"Yanzu, Sarki, saura kusurwa biyu."

Ɗanasabe ya kaɗa na uku, ya ja shi da tsawo, yana kallon Balarabe kamar zai yi kuka. A daidai lokacin layin Zailani ya ci karo da ƙafar Bahago. Ya ɗago kai, ya miƙa hannun nan mai kama da kabewa har saitin hancin ƙaton.

"Malam, ka tsaya mini a kan layi. Can ce kusurwarka."

Fage ya ɗauki ihu. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san cewa wanda ya shiga fage ana kaɗa take, ya miƙa wa namiji naɗaɗɗen hannu, magana ta ƙare.

"An amsa!" in ji Ɗanasabe. "Jama'a ku shaida, Zailani ya amsa!"

Zailani ya yi murmushi ya ɗaga wa jama'a hannu. Sai da ya juyo ya ga Bahago ya ja baya, ya tsuguna, ya miƙo dama ya janye hagu, sannan abin ya isa kansa.

"A'a, a'a, tsaya. Ni malami ne. Ba a bugun malami."

"Ka miƙo ko ba ka miƙo ba?" in ji Bahago.

"Hanya nake nuna maka!"

"To ni ma bari in nuna maka."

Hagun ta taso da iska. Zailani bai jira ya ga inda za ta sauka ba. Ya kwasa da gudu. Ya nufi yamma, mutanen Bebeji suka turo shi ciki. Ya nufi gabas, na Doguwa suka turo shi ciki. Sai ya kama zagaye, ƙararrawa na ƙara a hannunsa na hagu, usur na lilo a wuya, Bahago na biye yana kai bugu yana samun iska. Ɗanasabe kuwa ba shi da zaɓi, ka'ida ce, ya ci gaba da zuba take, maroƙi na tayawa: "Zailani gatari! Sare ka wuce, Zailani!"

"Ba gatari ba ne!" Zailani ke ihu yana tsallake layin da ya ja. "Ku riƙe shi! Wallahi fanka nake ja! Fanka nake ja a Zariya! Ta taga na gani!"

Mutane suka yi ta faɗuwa kan juna. Shi ma Balarabe, da ba ya jin komai, yana ta ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki, dariyar da ya shekara bai yi ba. A zatonsa wani sabon darasi ne.

Gwaggo Turai ce kaɗai ba ta dariya. Ta ga zagaye na huɗu, ta ga na biyar, ta ga Bahago ya fara haki, ta ga Sarkin Fawa na shirin ɗaga hannu a raba turmi.

"Innalillahi," ta ce, "ja'irin nan ba zai faɗi ba. Gudu ya iya!"

Ta bar furarta ta keta maza, ta tsaya kan ɗanta. "Balarabe! Kai Balarabe!" Bai waigo ba. Ta fizge hular don ta maka masa, sai ga farin abu a kunne. Ta sa yatsa ta zaƙulo ɗaya, ta zaƙulo ɗayan.

Kalangu ya faɗa kunnen Balarabe gaba ɗaya. Gatari, sare ka wuce. Ga kuma sunan da ake haɗawa da shi.

Dariyar ta tsaya.

"Ka ji ko?" in ji Turai. "Taken ubanka ne ake yi wa mai guntun wando. In aka raba turmin nan yana tsaye, ya zama nasa. A biki, a suna, a salla, in an kaɗa shi zai miƙe, kai kana zaune. Kuma ka san shi. Shekara arba'in zai yi yana zuwa rumfarka yana ba ka labarin yadda aka yi."

Balarabe ya dubi Bahago, wanda ya shekara yana gani a mafarki. Ya dubi Zailani yana tsalle kamar fara. Ya hango kansa da furfura yana soke tsire, Zailani na zaune a gefe yana cewa, "Ka tuna ranar nan?"

Yatsun ƙafarsa ne suka fara rawa. Abin ya hau gwiwa, ya kama kafaɗu. Mahaucin da ke kusa da shi ya ja jiki yana cewa, "Jama'a, ta zo! Wallahi ta zo!" Mutum uku suka kama shi, ya watsar da su kamar ɓawon gyaɗa. Ya yi wata kururuwa da ta sa jakunan bakin kasuwa suka amsa, ya faɗa fage.

Zailani ya zo wucewa a zagaye na bakwai. Balarabe ya cafko shi ta ƙugun wando, ya ɗaga shi ƙafafu na ci gaba da gudu a iska, ya dasa shi a ƙasa daɓas.

"Ya faɗi!" Ɗanasabe ya yi ihu. "Kowa ya gani, ya taɓa ƙasa! Take na nan!"

Balarabe ya juya ya miƙa wa Bahago hannu, har karan ya kusa taɓa haɓarsa. Sannan ya ce, "A ba shi ruwa ya huta tukuna. Ba na so gobe a ce Zailani ne ya kashe mini shi."

Bahago ya sha ruwa, ya huta har numfashinsa ya daidaita, ya miƙe. Turmin farko suka yi ta auna juna, kowa ya tokare da hannu ɗaya, aka raba ba kisa. A na biyu Bahago ya saki hagun nan ta Tudun Wada. Ta sami Balarabe a kafaɗa, ƙarar ta kai bakin kasuwa. Ya yi taga-taga, mutanen Doguwa suka miƙe. Ɗanasabe ya matse kalangu har tsarkiya ta yi kuka. Balarabe ya dafe ƙafa, ya sunkuya, ya taso da dama tun daga ƙasa. Bahago ya tsaya cak kamar wanda ya tuna wani abu, sannan ya zauna, sannan ya kwanta.

Guɗar Gwaggo Turai ta rufe kalangu. Aka ɗauki Balarabe a kafaɗa aka zaga da shi sau biyu kafin a sauke shi a tabarma, gumi na zuba kamar an kwara masa tulu. Shi da kansa ya sa aka kamo Bahago aka zaunar kusa da shi, aka dama musu fura.

Sai ga Zailani ya kutso yana ɗingishi, kabewar na nan a hannu. Ya busa usur.

"Allah ya ja zamanin Sarki, kwana ashirin da ɗaya na ce ko ban ce ba? Wannan shi ne darasi na ƙarshe. Turawa ma ba kowa suke nuna wa ba."

"Har da ihun fankar?" in ji Sarkin Fawa.

"Dabara ce, Sarki. Na rikita abokin gaba."

"Ya rikita ni kam," in ji Bahago yana shafa haɓa. "Ban taɓa bin zomo da hannu ɗaya ba."

Safara'u mai kitso ta leƙo ta bayan maza. "Sarki, a kira wanzami ko a bari?"

"A bar masa kansa. Ya ce zai dawo da shi, ga shi ya dawo. Yadda aka yi kuma, Allah ya sani, mu ma mun gani."

Gwaggo Turai ta zo ta kwance wa Zailani jakar fatar, ta ɗauko maficin da take korar ƙuda daga fura, ta danƙa masa.

"Ungo. Yi abin da ka je Zariya ka koyo."

Zailani ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi muciyar da ke leƙowa daga ƙwaryarta, ya rufe. Ya tsuguna tsakanin ƙartin biyu ya fara fifita. A hankali, a jere, ba sauri ba lafawa. Iska mai sanyi ta rinƙa sauka daidai wuya. Balarabe ya lumshe ido. Bahago ya gyara zama ya matso. Har Sarkin Fawa ya jawo buzunsa kusa.

"Kai," ya ce can, "wannan kam malami ne."

Zailani ya ɗaga kai, ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ai da hannu ne, Sarki. Ku bari ku ga na ƙafa."